Shekarar da Na Mayar da Huɗu Ɗaya

'Ya'yana, dukkanku kun san labarin shekarar da 'yar'uwarku Ramatu ba ta fita daga jami'a tare da 'yan ajinsu ba, kuma kowa da yadda yake ba da shi. Sani yana cewa gaggawa ce ta ja mata. Hadiza tana cewa kwamfutar ce ta yi shirme. Innarku tana cewa rabon ne bai zo ba. Ni kuwa duk lokacin da aka tayar da zancen sai in miƙe in ce zan duba awaki. Shekara bakwai ina duba awakin nan. A wannan rubutun ma na yi ta kewaya wurin, na rubuta labarin haƙa rijiyar gidanmu, na rubuta rasuwar kakanku, har ya zama babu abin da ya rage sai shi. To ga shi yadda ya faru. Inda na manta zan ce na manta, don kada in ɗora wa wani abin da bai yi ba.

Sai na fara da kwamfutar, domin ba tawa ba ce, kuma duk abin daga nan ya taso. Ƙungiyarmu ta manoman rani, mu da muke shan ruwan madatsar Watari, wani shiri na taimakon manoma ya ba ta kwamfuta irin ta tebur, da farantan sola da batura, don a riƙa rubuta sunayen manoma da gonakinsu. Ƙungiya ba ta da ofis a lokacin, sai aka zauna a ga gidan wa za a kai ta. Akwai waɗanda suka fi ni karatu nesa ba kusa ba, ni da na tsaya a firamare. Amma shugabanmu, Alhaji Garba, ya nuna ni da sandarsa.

"A kai gidan Malam Iliya," in ji shi. "Mun san daga yau barci ya ƙare masa, mu kuma sai mu yi namu."

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma gaskiya ya faɗa. Na share ɗakin da ke jikin zaure, na sa sabon kwaɗo, na ɗinka mata riga da ragowar yadi. Malamin gona na shirin yakan zo sau ɗaya a wata ya yi abin da zai yi ya tafi. Sauran kwanakin ni da ita ne, in buɗe in leƙa in rufe, in tafi, in dawo in ja kwaɗon in ji ko ya kama.

Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba game da tsoron da nake wa kayan mutane. Ina da shekara goma sha biyar ko sha shida, kakanku ya ari shanun huɗa guda biyu a wurin maƙwabcinmu Malam Dauda. Da hantsi aka aiko masa da rasuwa, ya bar mini garma ya ce in rana ta yi zafi in kwance su. Ni kuwa so nake ya dawo ya tarar na gama gonar. Rana ta take, ɗaya daga cikin shanun ya fara haki, kumfa na zuba daga bakinsa, na ce saura kunya shida kawai. A kunya ta huɗu ya durƙusa. Kafin in ruga gida in kawo wuƙa ya mutu, ya zama mushe, ko naman ba a mora ba. Na bi kakanku a baya har ƙofar gidan Malam Dauda, na ga ya cire hularsa ya tsuguna a gaban mutumin da bai kai shi shekaru ba. Bai dake ni ba, bai zage ni ba, har ya bar duniya bai ƙara tayar da maganar ba. Da ya dake ni da wataƙila na warke. Hakin wannan sa bai taɓa fita daga kunnena ba. Ba don ku yi mini uzuri nake faɗa ba, don ku gane ne.

Ramatu ta dawo gida a tsakiyar bazara, shekararta ta ƙarshe a jami'a, da aikin da za ta miƙa kafin a ce ta gama. Aikin a kan ruwanmu ne. Ta tattaro hotunan gonakinmu da aka ɗauka daga sama shekara da shekaru, tana so kwamfuta ta auna su ɗaya bayan ɗaya, ta nuna gonakin da ruwan kanal ba ya isa gare su. Malaminta ya ji daɗin aikin, har ya yi mata alkawarin gurbi a cikin wasu masu binciken ruwa da za a tura horo, da sharaɗin ta gama a wannan shekarar. Ranar miƙawa Litinin ce, an kafe ta, ba a ɗagawa. Matsalar ita ce tata kwamfutar ƙarama ce, da ta ɗora mata aikin sai ta ƙame. Shi ya sa ta zo tana kallon ɗakin jikin zaure.

Ku da kuka san Ramatu ta yanzu ba za ku tuna ta wancan lokacin sosai ba. Yarinya ce da ba ta waiwaye. In ta rufe ƙofa ta rufe, in ta ce ta kashe wuta ta kashe. Nakan kalle ta in yi mamakin yadda aka yi ni na haifi mai irin wannan zuciya. Na ce mata sai na tambayi Alhaji Garba. Ya ce gonarsa ma a ƙarshen kanal take, in yarinya za ta nuna wa duniya ƙishinsa, ta yi ta yi. Duk da haka na kafa mata nawa sharaɗin, cewa ko harafi ɗaya na ƙungiya ba za a goge ba.

"Baba, ba zan taɓa kayan ƙungiya ba," in ji ta. "Wata kwamfutar zan gina a cikinta."

"A cikinta ina? Kwance ta za ki yi?"

"Babu kwancewa. Kamar ka sauki baƙo ne. Ka ware masa ɗaki, ka ce ga tabarmarka, ga butarka. Ba ya shiga ɗakin Inna, ba ya buɗe rumbu. Ranar da zai tafi ka share ɗakin, kamar bai taɓa zuwa ba."

"To baƙon da me zai yi aiki?"

"Yauwa, ka zo wurin. Kwamfutar nan ƙwaƙwalwa huɗu gare ta, mu kor muke ce musu. Ka ɗauke su kamar ma'aikata huɗu. Mai gida ne ke faɗin nawa zai ara wa baƙo. In ya ara masa ɗaya, aikina sai ya ci kwana ashirin. In ya ara masa huɗun, kwana biyar."

Ku lura da wannan. Ta gaya mini da bakinta, ashirin da biyar. Ba zan ce ban ji ba.

Kwana biyu ta yi tana fama. Ta ara wa baƙon ma'aikata huɗu, amma ɗaya ne kawai ke aiki. A fuskar kwamfutar akwai wasu sanduna huɗu a jere masu nuna ƙoƙarin kowanne, sai ka ga ɗaya ta cika har sama, ukun suna kwance a ƙasa. Ta kashe, ta kunna, ta shiga wani wuri mai shuɗin bango tun kafin kwamfutar ta gama farkawa ta buɗe wani abu, ta fito, ta hau katangar bayan gida tana neman sabis don ta tambayi abokan karatunta. Innarku, wadda a lokacin yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ta kawo mata kunu ta tambayi abin da ke hana ta cin abinci. Da aka yi mata bayani sai ta ce:

"Au, ashe irin gayyar garin nan ce. Ɗaya na noma, uku na gindin bishiya suna jiran fura."

"Wallahi Inna haka ne. Na kawo su gona, amma ban raba musu kunya ba."

Tana faɗin haka ta ajiye kofin. Ashe abin da ya rage ke nan. Ba ya isa a ba baƙo ma'aikata, sai an gaya wa shirin da ke cikinsa ya ƙirga nawa aka ba shi, ya yanka aikin ya miƙa wa kowa rabonsa. Ta rubuta 'yan layuka, ta danna. Ranar Litinin ce da hantsi, saura mako guda cif a miƙa. Ina tsaye a bayanta na ga sandunan nan huɗu sun miƙe tare har sama. Ta yi tsalle ta rungume Innarku, Innarku ta rangaɗa guɗa ita da ba ta ga komai ba, Hadiza ta shigo da gudu tana tambaya ko haihuwa aka yi. Ban taɓa ganin Ramatu cikin farin ciki irin na ranar ba, kuma ina jin ban ƙara gani ba.

Ana cikin haka fankar cikin kwamfutar ta tashi. Da can nakan ji ta kamar numfashin mai barci. Yanzu sai ta koma huci, tana ƙaruwa, iska mai zafi na fitowa ta bayanta. Na ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen na ji kamar murfin tukunya.

"Ramatu, rage mata."

"Baba, don haka aka ƙera ta. Duk watannin nan zaune take tana hamma."

"Ba ki ji yadda take haki ba?"

"Fanka ce, aikinta ke nan. In zafin ya wuce kima ita da kanta za ta rage gudu, ba za ta ƙone ba. Karatunsa na yi fa."

"Kayan mutane ne."

"Na sani, Baba. Zo ka gani, don hankalinka ya kwanta."

Ta jawo ni kusa ta nuna mini wurin. Wani ɗan layi ne da lamba a gefensa. Ta ce ka ga nan, huɗu. In an ga dama a ja shi baya ya koma biyu ko ɗaya, sai dai dole a kashe baƙuwar kwamfutar ta ciki tukuna. Babu wani sihiri, in ji ta, kuma babu abin da zai lalace. Ta nuna mini ne don tsoro ya sake ni. Ni kuwa idona ya haddace hanyar tun daga farko har ƙarshe.

Washegari Talata aka ba Innarku ranar aikin ido a wani asibiti a Kano, kuma an daɗe ana jiran ranar. Dole mace ta zauna da ita. Hadiza tana tsakiyar jarrabawa, saboda haka Ramatu ce za ta tafi, Sani ya taso daga Dawanau ya tare su a tasha. Kafin su fita ta shirya kwamfutar yadda ko wuta ta yanke, da an kunna aikin zai ci gaba daga inda ya tsaya. Ta kashe ta kunna a gabana don ta gwada, ya kuwa ci gaba. Ta koya mini kunnawa da kashewa, na rubuta a takarda ɗaya bayan ɗaya, na karanta mata ta ce daidai.

"Ranar Asabar zan dawo in tarar ta gama," in ji ta. "In rubuta sakamakon Asabar da Lahadi, Litinin in kai. Kai dai Baba ka bar ta kawai. Ko ta yi kuka kada ka lallashe ta."

Suka tafi. Da rana ta take, kwanon ɗakin ya fara ƙara don zafi, hucin fankar har tsakar gida. Na buɗe taga. Na jiƙa buhu na rataya a ƙofa. Na zauna da mafici ina yi mata fifita kamar mai jinya. Sai na ji kamar wani ƙauri, har yau ban sani ba ko ƙauri ne na gaske ko hancina ne ya ƙirƙira. Na kira wayar Ramatu, a kashe, suna wurin likita. Na je gidan Alhaji Garba, aka ce ya tafi Shanono. Na dawo na tayar da sallar azahar, na kasa sanin raka'a nawa na yi, na sake, na kuma rikicewa. Abin da nake gani kawai shi ne ni tsugune a gaban 'yan ƙungiya, hula a hannu.

Na shiga na ɗauki takardata. Na kashe ta cikin yadda aka koya mini. Na kama maus, ɗan abin da ake jan kibiya da shi, kibiyar tana ta zille mini, na daɗe kafin in kai wurin. Na tsaya a kan biyu, na yi tunani, na ce in dai ragewa ce a rage da kyau. Na ja shi zuwa ɗaya. Na kunna. Aikin ya tashi da kansa, sanda ɗaya ta miƙe, fankar ta yi ƙasa ta koma numfashin mai barci. Ina so ku san abin da na ji, domin shi ya fi ba ni kunya. Daɗi na ji. Na yi hamdala, na shimfiɗa tabarma a zaure na yi barcin rana mai nauyi.

Na gaya wa kaina cewa aiki dai yana tafiya, ɗan jinkiri ne kawai. Ni da na shekara talatin ina raba kunya a gayya, na san abin da mutum ɗaya zai noma da abin da huɗu za su noma. Lissafin bai fi ƙarfina ba, ƙin yin sa na yi. Na ce da la'asar in gari ya yi sanyi zan mayar. La'asar ta yi na ce gobe da safe. Da safe na ce na taɓa sau ɗaya Allah ya rufa asiri, in na sake taɓawa na ɓata wani abu fa? Kullum da yamma Ramatu takan kira.

"Baba, tana aiki?"

"Tana aiki."

"Ba ta mutu ba?"

"Wuta ba ta yanke ba ko sau ɗaya."

"Ƙarar fa? Ta bar ka ka huta?"

"Ta yi sauƙi sosai."

"Ka gani! Sabawa ka yi."

Ta yi dariya, ta ba ni labarin Innarku, wai da aka cire mata bandeji ta kalli Sani ta ce ashe haka ya yi tumbi ba a gaya mata ba. Ku duba amsoshina. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ina alfahari ban taɓa yin ƙarya ba tun girmana, kuma da wannan alfaharin na yaudari 'yata kwana huɗu.

Ranar Asabar da azahar suka sauka. Ramatu ko mayafi ba ta cire ba ta karɓi makulli ta shige ɗakin. Ina taimaka wa Innarku ta zauna, kunnena yana can. Sannan ta kira ni, da wata murya ƙarama da ban san ta da ita ba. Na tarar da ita tsugune a gaban teburin. Aikin bai kai rabi ba. Ta riga ta buɗe wurin, lambar tana nan, ɗaya.

"Baba, wani ya shigo ɗakin nan?"

"Babu wanda ya shigo sai ni."

Ta dube ni. Na ce yanzu za ta tambaya, in ta tambaya zan faɗa. Amma ina! Wa zai zargi mutumin da ke tsoron goge mata ƙura? Ta mayar da ido kan kwamfutar, ta dafe kai.

"Ni ce. Ranar Talata da na kashe don in gwada. Tsohon saitin ne ya dawo, ban duba ba. Ina ta sauri, mota na jira. Ban duba ba, Baba. Daƙiƙa biyu zai ɗauke ni in duba."

Ta fashe da kuka. Ina tsaye a bakin ƙofa. Kalma uku ce, ni na taɓa. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ki yi haƙuri, haka Allah ya so." Na ɗauki abin da hannuna ya yi na jingina wa Ubangiji a gaban yarinyar da ke zagin kanta. A cikin duk abin da na aikata, wannan nake fi neman gafara a kai.

Ta share hawaye ta mayar da huɗu. Ta lissafa, sai Talata zai gama. Ta kira malaminta, ya ce da yana da iko da ya yi, amma mai duba aikin daga wata jami'a yake zuwa, kuma Litinin ake rufe sunaye. Ta tafi da abin da ta samu, aka ce guntun aiki ba ya nuna komai, ta dawo baɗi. Gurbin horon aka ba wata. Kwamfutar kuwa ta yi kwana uku tana huci da ma'aikata huɗu a cikin wannan zafin dai, ina zaune ina ji, babu abin da ya same ta. Ta gama aikin ranar Talata da hantsi, lafiya lau. Har yau tana nan a ofishin da ƙungiya ta gina, an ce ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba.

Za ku ce me ya hana ni faɗa daga baya. A makon farko na ce bari zafin ya huce. Da wata ya wuce na ce yanzu in na faɗa za ta ce me ya sa ban faɗa tun farko ba. Kowace rana shirun yana ƙara nauyi, faɗar tana ƙara wuya. Sani, kai kuma ka laƙaba mata Malama Na-Manta, kana kiran ta da shi a gaban baƙi, tana dariya tana cewa ta cancanta. Ba laifinka ba ne, abin da aka ba ka ka ɗauka. Amma duk ranar da ka faɗa, tuwon ranar sai in ture shi gefe. Na taɓa zuwa wurin limaminmu na tambaye shi a kaikaice, na ce mutum ne ya faɗi magana ta gaskiya don a fahimci abin da ba haka ba, ya yi ƙarya ko bai yi ba?

"Malam Iliya," in ji shi, "wanda aka faɗa wa maganar za ka tambaya, ba ni ba."

Ramatu ta gama a shekara ta gaba. Ta sami koyarwa a sakandare, ta yi aure, ga 'ya'yanta biyu, babu wanda zai ce rayuwarta ta lalace. Da wannan na riƙa rarrashin kaina. Sai bara waccan na je Kano ganin likita na sauka a gidanta. Da safe muka fito za ta raka ni, ta kulle ƙofa, muka kai bakin titi, ta ce in jira ta. Ta koma ta ja kwaɗon. Ta dawo, muka yi 'yan taku, ta tsaya ta ce ba ta tabbata ta kashe gas ba. Ta koma. Da ta dawo karo na biyu tana haki ta yi murmushi ta ce:

"Yi haƙuri Baba. Takardar jarrabawa ma sai na duba sau uku kafin in ba yara. An ce in nemi ƙarin karatu, na cike fom ɗin na ajiye, ina tsoron na yi kuskure a wani wuri. Tun abin nan ban ƙara yarda da hannuna ba."

A bakin titin nan na gane abin da na ɗauke mata. Ni ina lissafin shekara ɗaya da gurbi ɗaya. Ashe ciwona na ɗauka na dasa mata, ita da aka haifa ba ta da shi. Duk da haka, don ku san irin ubanku, sai da na ƙara shekara biyu.

Watan jiya ta zo ganin gida lokacin cirar albasa. Da la'asar na same ta ita kaɗai a tsakar gida tana yanke ganyen albasa a kan buhu. Na jawo kujera na zauna, na ce ina da magana. Na faɗa mata tun daga jiƙa buhu har zuwa barcin rana, ban tsallake komai ba. Wuƙar ta tsaya a hannunta. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Kai ka ja shi?"

"Ni na ja shi."

"Da hannunka? Ka san wurin?"

"Ke kika nuna mini."

Ta ajiye wuƙar a kan buhun. Sannan ta ce:

"Ranar Asabar ɗin, ina tsugune ina cewa ni ce, kana tsaye a ƙofa. Me kake tunani a lokacin?"

"Ina tsoron kada ki daina ganin girmana."

"Shekarar ba ta dame ni ba, Baba. Na sami wata. Da ka faɗa a ranar, da na yi fushi na mako guda, mu yi dariyarsa da Sallah. Bakwai ɗin da suka biyo baya nake tambaya."

Ban ƙirƙiro mata wani uzuri ba. Na ce ta yafe mini. Ta tattara albasar ta zuba a kwando, ta wanke hannu, ta zo ta durƙusa a gabana yadda ta saba in za ta yi sallama.

"Ba zan ce na yafe don bakina ya faɗa ba," in ji ta. "Maganar da ake faɗa don a wuce wurin ta ishe mu a gidan nan. Ka ba ni lokaci."

Washegari ta koma Kano. Na gaya wa Innarku a ranar, ta ce abin da ta ce, kuma na cancanci kowace kalma. Ku kuma ga shi na gaya muku a rubuce, don kada in zo faɗa da baki in sassauta. Yayarku, ƙanwarku, ba ta manta komai ba. Ta yi aikinta daidai tun daga farko har ƙarshe. Sani, sunan nan ya mutu daga yau. Kada kuma wani ya kira ta ya ce ta yi haƙuri Baba ya tsufa. Ba ta ci bashin kowa haƙuri ba, ku bar ta.

Takan kira Innarku kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Takan tambayi ƙafata, ta tambaya ko ina shan magani. Ba ta ce a ba ni wayar ba tukuna. Innarku takan miƙo mini ita a ɓoye, in girgiza kai, domin ba ni zan karɓa ba sai ita ta nema. Jiya ma ta kira. Na bar abin da nake yi na zo na zauna a bakin ƙofar ɗakin, kusa, yadda in ta ce a ba ni, ba za a sha wahalar nemana ba.